Yayuk Basuki ta kai lamba 19 a tanis na duniya, to me ya sa Indonesiya ta daɗe ba ta samu magajiyarta ba?

In ka tare mutum a kan hanya ka ce me ya sani game da Indonesiya, abu biyu zai kawo maka, Indomie da alhazan nan nasu masu tafiya a jere cikin tsari a Makka kamar an ja musu layi da zare. Wanda ya ɗan bi wasanni zai ƙara da badmintin. Amma tanis? Ko ni kaina sai a 2025 na koma na tono tarihin, lokacin da wata yarinya mai suna Janice Tjen ta doke Veronika Kudermetova a zagayen farko na US Open, babbar gasar Amurka, masu sharhi suka dinga nanata cewa rabon da ɗan Indonesiya ya ci wasan mutum ɗaya a babbar gasa tun 2003. Shekara 22 kenan fa, a ƙasar da ta haura mutum miliyan 270. Kuma abin mamakin, ƙasar nan ta taɓa samun mace da ta shiga cikin 20 na farko a duniya, har ta kai kwata fainal a Wimbledon, babbar gasar Ingila. Sunanta Yayuk Basuki, kuma in ka fahimci yadda ta hau da abin da ya biyo bayanta, to ka fahimci yadda harkar tanis take gaba ɗayanta.

An haife ta ran 30 ga Nuwamba 1970 a Yogyakarta, a tsibirin Java. Tun tana ƙarama aka ga tana da hannu, aka kai ta makarantar 'yan wasa ta Ragunan a Jakarta, inda gwamnati ke tara yaran da aka ga alamar za su yi nisa. Tana da shekara 15 ta ci zinare a gasar ƙasashen Asiya ta 1986 a Seoul, a wasan bibbiyu tare da Suzanna Anggarkusuma. Ta je Olamfik ɗin 1988 tun ba ta zama ƙwararriya ba, sai a 1990 ta shiga sana'ar ka'in da na'in.

To kafin mu ci gaba bari in tsaya a nan, dan yawancinmu da idon ƙwallon ƙafa muke kallon kowane wasa, kuma shi ne ke ɓatar da mu. A ƙwallon ƙafa kulob ne ke ɗaukarka, ya biya ka albashi ko ka buga ko kana benci, ya saya maka tikitin jirgi, ya kama otal, in ka karye likitansa ne zai duba ka. A tanis babu ko ɗaya daga ciki. Kai ne ɗan wasa kai ne kamfanin, kai za ka biya kocinka, ka biya masa jirgi da ɗaki da abinci, ka biya mai ɗaure maka igiyar raket, ka nemi biza da kanka, sannan in aka cire ka a zagayen farko ran Litinin to kuɗin makon ya tafi, sai ka tattara jaka ka nufi wata ƙasar. Ga kuma maki, wanda shi ne jinin sana'ar. Kowace gasa tana ba da maki gwargwadon girmanta da inda ka tsaya, amma makin sati 52 kawai yake yi ya mutu, wato abin da ka ci bara a wannan makon, bana in ba ka sake ci ba an goge shi. Lambar da kake kai a jadawalin duniya ita ke buɗe maka ƙofar gasa. A manyan gasanni huɗu, na Ostareliya da Faransa da Wimbledon da Amurka, mutum 128 ke shiga, kusan 104 kai tsaye ta hanyar lambarsu, 16 ta wasan share fage, 8 kuma gurbin alfarma ne da masu gasar ke bai wa wanda suka ga dama, kuma kowa ya san 'yan gida ake fara dubawa. Saboda haka sai ka ga abin ya zama kamar ciniki, sai da jari ake samun riba, sai da riba ake samun jari. Ba ka da lamba ba ka shiga babbar gasa, ba ka shiga babbar gasa ba ka samun makin da zai ba ka lamba.

Yarinyar da aka haifa a Faransa ko Sifaniya za ta hau jirgin ƙasa ta je ƙananan gasanni goma a shekara ba ta kashe wani abin kirki ba. Wadda aka haifa a Java kuwa jirgin sama na kusan awa goma sha biyar ne tsakaninta da Turai, da kuɗin rupiya za ta sayi dala, ga biza. Nan ne wahalar take, tun kafin a zo maganar iya wasa.

Sa'ar da Yayuk ta taka ita ce ta fito daidai lokacin da tattalin arzikin kudu maso gabashin Asiya ke tashe, bankuna da kamfanonin taba suna neman inda za su manna sunansu, hukumar WTA ta mata kuma tana neman sabbin kasuwanni. Sai gasanni suka fara tsirowa a ƙofar gidanta. Dubi kofunanta shida na wasan mutum ɗaya ka ga: Pattaya a Tailan a 1991, Kuala Lumpur a 1992, Pattaya kuma da Jakarta a 1993, Beijin da Jakarta a 1994. Dukkansu a Asiya, biyu a gaban 'yan ƙasarta. Wasu in sun ga wannan jerin sai su taɓe baki su ce ai ƙananan gasanni ne, manyan ba sa zuwa. Gaskiya ne su Steffi Graf ba sa zuwa Pattaya, amma ni ina ganin masu faɗin haka ba su gane aikin da waɗannan kofuna suka yi mata ba. Su ne tsanin. Da makinsu ta samu lambar da ke shigar da ita Wimbledon ba sai ta roƙi kowa ba, a zafi da gumin da jikinta ya saba da shi, Turawan da suka zo kuma suna ta fama da tawul.

Sai abu na biyu, salon wasanta. Yayuk ba doguwa ba ce, santimita 164 take, a wasan da tsawo ke ba da sabis mai ƙarfi. Amma tana da dukan gaban hannu mai nauyi, bayan hannun kuma yankan ƙwallo take yi, kuma ba ta tsoron zuwa bakin raga. In ba ka taɓa lura da yankan nan ba, ga yadda yake: maimakon a ɗauko raket daga ƙasa a shafo ƙwallon sama, sai a saro ta daga sama zuwa ƙasa kamar mai yanka kabewa, ƙwallon ta tafi tana juyawa da baya, in ta sauka a ciyawa ba ta tashi, sulalewa take yi ƙasa ƙasa wajen idon sawu, dole doguwar abokiyar karawa ta durƙusa ta ɗago ta sama, kafin ta ɗago kai mai yankan ta riga ta iso raga tana jiran ta kashe. A jar ƙasar Faransa wannan dabarar ba ta cika ci ba dan ƙasa na riƙe ƙwallo ta ba mutum lokaci. A ciyawar Wimbledon ta wancan zamanin kuwa, kafin su canja irin ciyawar a 2001 filin ya rage gudu, makami ne sosai. Abin dariya, mace daga ƙasar da da ƙyar za ka ga filin tanis na ciyawa, sai ga shi ciyawar ce ta fi karɓarta. Shekara huɗu a jere, 1992 zuwa 1995, tana kaiwa zagaye na huɗu a Wimbledon.

A 1992 ɗin ma ta yi abin a zo a gani a Olamfik ɗin Barsalona, ta cire Mary Pierce ta kai zagaye na uku, inda Jennifer Capriati ta tsayar da ita, ita kuma Capriati ita ta ɗauki zinaren a ƙarshe. Sai dai kash, a wannan Barsalonan ne Susi Susanti da Alan Budikusuma suka ciyo wa Indonesiya zinarenta na farko a tarihin Olamfik, a badmintin. Ka ga kuwa wa zai tsaya maganar wadda ta fita a zagaye na uku? Wannan inuwar ta badmintin ba ta taɓa barin tanis ya sha rana a ƙasar ba. Yaro mai saurin hannu a Java, iyayensa kulob ɗin badmintin za su kai shi, irin su PB Djarum da ke Kudus, inda akwai makwanci da koci da hanya a shimfiɗe har zuwa tawagar ƙasa. Badmintin ko a lungu sai a ɗaura igiya a buga. Tanis kuwa sai fili, sai ƙwallayen da ke mutuwa da wuri, sai kuɗi.

Abu na uku shi ne mijinta. A 1994 ta auri Hary Suharyadi, ɗan wasan tanis ne shi ma, tare suka ci zinaren bibbiyu na mace da namiji a gasar Asiya ta 1990 a Beijin, kuma shi ne kocinta. Banda maganar zuciya, ko ta fuskar lissafi kawai ka duba, koci da miji sun zama mutum ɗaya, ɗaki ɗaya a otal, kuɗin bai fita waje ba, sannan mace mai yawo ƙasa ƙasa wata tara ko goma a shekara tana da nata a kusa. A ƙasar da ta fi kowace yawan Musulmi a duniya wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne wajen bakin mutane ma.

1997 ita ce shekararta. Ta kai fainal a Birmingham a kan ciyawa, Nathalie Tauziat ta doke ta, daga nan ta wuce Wimbledon, shekarar da ruwan sama ya hana wasa har sai da aka buga a Lahadin tsakiya wadda a al'adar wancan lokacin hutu ce. Ta kai kwata fainal ta haɗu da Jana Novotna, wadda ita ma gwanar zuwa raga ce kuma ta fi ta tsawo da gogewa, nan tafiyar ta tsaya. Novotna ta je fainal Martina Hingis mai shekara 16 ta doke ta, sai a shekara mai zuwa ta ɗauki kofin. A watan Oktoban 1997 Yayuk ta kai lamba 19 a duniya. A bibbiyu ma ta fi haka, ita da Caroline Vis 'yar Holan sun ci manyan kofuna a Los Angeles da Kanada a shekarar, a 1998 ta kai lamba 9, kofunanta na bibbiyu tara ne jimilla, kuma tun 1993 ta kai semi fainal a US Open tare da Nana Miyagi 'yar Japan. Sau biyu, 1996 da 1998, 'yan'uwanta 'yan wasa suka zaɓe ta a lambar yabon kyawun hali ta WTA. Wannan ni ta fi burge ni, dan waɗanda kuke rabon kuɗi ɗaya da su ne suka ce kina da kirki.

Yanzu dubi kwanan wata da kyau. A watan Yulin 1997, daidai lokacin da take kwata fainal a Landan, kuɗin Tailan ya faɗi, gobarar ta tsallaka Indonesiya. Dala ɗaya da ake saya kusan rupiya 2,400 ta haura 16,000 a tsakiyar 1998. Bankuna suka durƙushe, aka yi tarzoma a Jakarta, shugaban ƙasa Suharto ya sauka ran 21 ga Mayu 1998 bayan sama da shekara 30 a mulki. Gasar mata ta Jakarta da aka fara a 1993, wadda Yayuk ta ci sau biyu, daga 1997 ba a sake yin ta ba. Wato a ranar da ta kai ƙololuwa, tsanin da ta hau ya fara karyewa a ƙarƙashinta. Ka yi tunanin uban da ke son tura 'yarsa gasa a waje, tikitin da ya saya bara yanzu ya ninka sau shida ko bakwai a kuɗinsa. Mu da muka ga abin da canjin dala ke yi wa mai ɗa a makarantar waje ba sai an yi mana dogon bayani ba.

Duk da haka a Disamban 1998 ta je Bankok ta doke Tamarine Tanasugarn a gaban 'yan ƙasarta ta ɗauki zinaren gasar Asiya. A 1999 ta tafi haihuwa, lokacin babu wani albashin hutun jego, sai a 2025 WTA ta fito da tsarin biyan masu jego har wata 12 da kuɗin asusun zuba jari na Saudiyya. Ta dawo a 2000 ta je Olamfik ɗinta na huɗu a Sidni, ta ƙara cin kofunan bibbiyu da Vis har da na Dubai a 2001, daga baya ta dinga shiga tana fita har ta ajiye raket gaba ɗaya a 2013. Abin da ta tara na kyautar gasa duk tsawon shekarun nan ya ɗan haura dala miliyan ɗaya da rabi, kafin a cire haraji da jirgi da otal. A 2014 ta shiga siyasa, ta ci kujerar majalisar wakilai a jam'iyyar PAN daga Java ta Tsakiya.

Kar a ce ba a samu masu hannu ba bayanta, an samu, har ma wadda ta fi ta fara da wuri. Angelique Widjaja 'yar Bandung ta ci Wimbledon ta yara a 2001, Dinara Safina ta doke a fainal, Safinar da daga baya ta zama lamba ɗaya a duniya. A shekarar, tana da shekara 16, tana lamba 579, aka ba ta gurbin alfarma a gasar WTA ta Bali ta cinye kofin ɗungurungum. Ka lura fa, gasar gida ce, gurbin gida ne, da a wata ƙasa ake yi ko ƙofar ba za ta gani ba. A 2002 ta ci gasar Faransa ta yara da kofin Pattaya, ita da su Wynne Prakusya suka ci zinaren tawaga a gasar Asiya ta Busan, a 2003 ta kai lamba 55. Sai rauni ya sa ta a gaba, makin ya dinga mutuwa sati bayan sati tana jinya, tun ba ta kai 25 ba labarin ya ƙare. Gasar Bali ta ci gaba zuwa 2011 ta tashi ita ma. Daga nan ƙasar ta zauna ba babbar gasar mata ko ɗaya.

Ƙananan gasanni na ITF, hukumar tanis ta duniya, kuma, waɗanda kowa ke farawa da su, mafi ƙanƙantarsu dala 15,000 ce gaba ɗaya kuɗin da za a raba wa kowa da kowa, wadda ta ci kofi ta tashi da dubu biyu da 'yan kai. Ki ci kofi ki dawo da bashi, haka abin yake. Kwatanta da US Open ta 2025 inda wadda aka cire a zagayen farko ta karɓi dala 110,000, zagaye na biyu 154,000. Tsakanin waɗannan biyun akwai rami mai zurfi, kuma yawancin yara a cikinsa suke ƙarewa, iyaye su sayar da abin da suke da shi shekara uku huɗu sannan a haƙura.

To ta ina na yanzu suka bi? Ta jami'o'in Amurka. Can jami'a za ta ba ka sikolashif ka buga mata, ta ba ka koci da fili da likita da abinci shekara huɗu, ka fito da digiri ko da wasan bai yi ba. Ba sabuwar hanya ba ce, Nduka Odizor ɗan Legas da ya kai zagaye na huɗu a Wimbledon a 1983 ta Jami'ar Houston ya bi. Aldila Sutjiadi ta bi ta Kentucky, ta dawo ta ci zinaren mace da namiji da Christopher Rungkat a gasar Asiya ta 2018 a Palembang, sannan ta yi lissafinta ta karkata ga bibbiyu inda ƙofar ta fi faɗi, har ta kai lamba 26 a 2023. Mutane da yawa ma ta hanyar wani tsautsayi suka san ta. A gasar Faransa ta 2023, zagaye na uku, ita da abokiyarta Miyu Kato 'yar Japan suna gaba da 3 da 1 a zubi na biyu, an gama maki, Kato ta buga ƙwallo zuwa ɗaya ɓangaren dan a tsince, ƙwallon ta samu wata yarinya mai tsintar ƙwallo da ba ta lura ba, yarinyar ta fashe da kuka. Alƙali ya yi gargaɗi kawai, sai abokan karawar, Marie Bouzkova da Sara Sorribes Tormo, suka nuna masa yarinyar na kuka, aka kira manya, aka kore su daga gasar. Aldila ba ta taɓa kowa ba amma haka ta rungume Kato tana lallashi suka fita. Bayan 'yan kwanaki kuma sai ga su a semi fainal ɗin mace da namiji suna fuskantar juna, Kato ta ci, ta je ta ɗauki kofin da Tim Puetz.

Janice Tjen kuwa an haife ta a Jakarta a 2002, shekarar da Widjaja ta ci Pattaya. Ta yi Oregon ta koma Pepperdine, ta gama a 2024, sannan ta fito ta dinga share ƙananan kofunan ITF ɗaya bayan ɗaya har sun haura goma cikin kusan shekara guda, ta bi ta share fage ta shiga US Open. In ka kalle ta sai ka ga yankan bayan hannun nan da zuwa raga, masu sharhi suna kwatanta ta da Ashleigh Barty ta Ostareliya, ni kuwa da na ga tsofaffin bidiyon Yayuk sai na ce ai salon ba baƙo ba ne a gidansu. Emma Raducanu ta cire ta a zagaye na biyu, amma cek ɗin makon kaɗai ya fi abin da kofunan ITF masu yawa za su ba ta. A Satumban 2025 ta kai fainal a Sao Paulo ta Barazil, a farkon Nuwamba ta doke Kimberly Birrell ta ci kofin WTA a Chennai, na farko da 'yar Indonesiya ta ci a wasan mutum ɗaya tun 2002, ta kuma haɗa da na bibbiyu ita da Aldila a gasar. Yayuk ta ɗaga biyu daga kofunanta a Jakarta, Widjaja ta ɗaga na farkonta a Bali, ita Janice a Indiya ta ɗaga nata, dan a 2025 babu gasar WTA irin wannan a Indonesiya.